Ɗan Wasanmu: Namu Na Goyo Ko Namu Na Saye?

Duk wanda ya taɓa zama a fadar samari a Tawa, ko a garuruwan arewacin Adar irin su Takanamat da Afala da Barmu da Tebaram, ya san abin da ake faɗa idan yaron da ya fi kowa iya ƙwallo ya ɓace daga fili bayan gasar babban hutu. Da wuya ka ji an ce ya samu aiki. Wani zai ce, "Sun ɗauke muna shi." Wani ya ce, "Ai saye shi sunka yi." Na uku, wanda abin ya fi ci wa rai, ya aje kofin shayi ya ce, "Ku bari, ɗan banza na, ya ci amanar gari." Magana uku ke nan, kuma kowace da inda take ɗora laifi: ta farko a kan masu ƙarfi, ta biyu a kan kuɗi, ta uku a kan yaron kansa.

Tambayar da nake so mu duba tare, ƴan'uwa ɗalibai, ita ce wannan: idan mai hali ya ɗauke gwanin da talaka ya yi wa raino, an yi zalunci? In an yi, wa ya yi shi, kuma wa aka yi wa? Na san wani zai ce ƙwallo wasa ne, ana fama da tsadar hatsi wa ke ta ƙwallo. To, amma ita wannan tambaya ba a filin wasa kaɗai take ba. Ita ce ake yi kan malamar asibitin da ta nemi a mayar da ita birni, da mushen lakwal da ya bar ƙauye, da mu kanmu da muka bar garuruwanmu muka zo jami'a. A ƙwallo dai abin ya fi fitowa fili, tun da akwai maki, akwai kofi, kowa na ganin wanda ya ci da wanda aka cinye.

Mu fara da yadda abin yake a ƙasarmu. Daga 2013 zuwa 2023, ga waɗanda suka ɗauki kofin babbar gasar ƙwallon ƙafa ta Nijar: AS Douanes ta ƴan duwan a 2013 da 2015, AS GNN ta ƴan gardi a 2014 da 2023, AS FAN ta sojoji a 2016 da 2017, AS SONIDEP ta kamfanin man fetur a 2018 da 2019, US GN ta jandarmomi a 2021, sai ASN Nigelec ta kamfanin lantarki a 2022. A 2020 annobar korona ta katse gasar. Dukansu a Yamai suke, kuma kowace tana da wata ma'aikata ko wani kamfanin gwamnati a bayanta. In kana neman lokacin da kofin ya kwana a wajen Yamai, sai ka koma can 1983 da 1984, lokacin Jangorzo ta Maraɗi da Espoir ta Damagaram. Yawancinmu ko auren iyayenmu ba a yi ba a lokacin.

Ba wai ƴan jihohi ba su iya ba ne. Ƙungiya irin Ader FC ta Tawa, ko Urana da Akokana na Arlit, kafin ta buga wasa ɗaya a Yamai sai ta biya kuɗin mota da masauki da abinci. Daga Tawa tafiyar ta kai wajen kilomita 550, daga Arlit ta haura 1000. Ƙungiyoyin Yamai kuwa yawancin wasanninsu a cikin gari guda suke yi. Wadda ke da ma'aikata a bayanta tana iya yi wa yaro alkawarin albashi duk ƙarshen wata, wani lokaci har da fatan samun aikin dindindin in ƙafa ta gaji. Wadda ke jiran karo-karon ƴan kasuwa da ɗan abin da magajin gari ya miƙo, sai dai ta ce masa, "In an samu za a ba ka." Yaro mai shekara goma sha tara, da tsohuwa a gida, da ƙanne biyar, wace magana zai saurara?

Ita ma Yamai ɗin da muke kuka da ita, ƙaramar kasuwa ce a wajen wasu. Moussa Maâzou, wanda ya ci ƙwallon da Mena ta doke Masar da ita a Yamai a Oktoban 2010, daga AS FAN ya tashi. Ya tafi Lokeren ta Beljiyam a 2008, shekara na zagayowa CSKA ta Mosko ta saye shi daga hannunsu. Wato Takanamat na kuka da Tawa, Tawa na kuka da Yamai, Yamai na kuka da Beljiyam, Beljiyam ma tana da waɗanda suka fi ta aljihu. Tsani ne, kowa na taka na ƙasa da shi yana ƙorafin na sama.

Tun da harshe nake karanta, bari in tsaya kan kalmar da duk rigimar ke ratayawa a kanta, wato "ɗan wasanmu". A Hausa da ɗan mahaɗi guda, -n ko -r, muke nuna dangantaka iri-iri. Muna cewa "dokina", muna cewa "ubana", muna cewa "garinmu". A "dokina" ni ke da doki, in na ga dama in kai shi kasuwa. A "ubana" ba ni da iko da kowa, jini ne ya haɗa mu. A "garinmu" kuwa, in an bi gaskiya, garin ne ke da mu. Wasu harsuna sun raba waɗannan tun a nahawu. Babambare zai ce "n fa", ubana, kai tsaye, amma in dukiya ce sai ya saka "ka" a tsakani, ya ce "n ka so", gidana. Mu namu harshen bai yi wannan rabo ba, ya bar wa mai magana da mai sauraro su gane.

Shi ya sa idan ƴan fada suka ce "ɗan wasanmu", suna jin zafi irin na "ɗanmu", amma hukuncin da suke yankewa irin na "dokinmu" ne. Ɗa in ya girma ya samu inda zai ci gaba, addu'a ake bin shi da ita. Doki ne in ya tsinke igiya ake bin sawunsa a kamo. Mai cewa yaro ya ci amana don ya tafi inda za a biya shi, ya fara tambayar kansa da wanne "-nmu" yake magana.

Akwai wasan da wannan gardama ta daɗe a cikinsa har masana suka yi ta rubutu a kai, shi ne besbol, wasan Amurkawa na dukan ƙwallo da kulki. Babbar gasarsu ƙungiya 30 ce, kuma ba a ƙayyade iyakar abin da ƙungiya za ta kashe kan albashi ba, sai dai haraji da ake ɗora wa wadda ta wuce wani adadi. A 2002 ƙungiyar Oakland ta biya ƴan wasanta wajen dala miliyan 40, ita kuwa Yankees ta New York wajen miliyan 125. Kafin a shiga wannan shekara Oakland ta rasa manyan gwanayenta uku, cikinsu har da Jason Giambi, wanda Yankees ɗin ce ta ɗauke shi a kan dala miliyan 120 na shekara bakwai. Duk da haka Oakland ta ci wasa 103, daidai da Yankees. Ana yawan kawo wannan labari don a ce dabara ta fi kuɗi. Sai dai Oakland ba ta ɗauki kofi ba, masu kuɗi kuma suka koyi dabarar suka haɗa da aljihunsu. A ƙarshen 2023 Dodgers ta Los Angeles ta ba Shohei Ohtani kwantaragin dala miliyan 700, shekara guda bayan nan Mets ta New York ta ba Juan Soto na miliyan 765.

Da can ba haka abin yake ba. Kusan shekara ɗari akwai wata ƙa'ida a besbol da ke ɗaure ɗan wasa ga ƙungiyarsa har sai ita ta ga damar sayar da shi ko sallamarsa. Ƙaramin gari na iya riƙe gwaninsa, gwanin kuma ba shi da bakin magana. A 1969 ƙungiyar St. Louis ta yi musayar wani baƙar fata mai suna Curt Flood zuwa Philadelphia bayan ya yi mata shekara goma sha biyu. Ya ƙi tafiya, ya rubuta wa shugaban gasar cewa shi ba kaya ba ne da za a saya a sayar ba da yardarsa ba. Ya kai ƙara har kotun ƙoli, aka kayar da shi a 1972, wasansa kuma ya mutu a nan. Amma a 1975 wani mai sasanci, Peter Seitz, ya warware ƙa'idar, daga baya aka daidaita cewa wanda ya yi shekara shida yana da ƴancin zuwa inda ya so. A ƙwallon ƙafa irin wannan ta faru a 1995, da kotun Turai ta ba Jean-Marc Bosman gaskiya.

Ga abin da ya fi ba ni mamaki. Tun 1956 wani masanin tattalin arziki, Simon Rottenberg, ya nuna cewa ko an ɗaure ɗan wasa ko an sake shi, a ƙarshe gwanaye wajen masu kuɗi suke tarewa. In a ɗaure yake, mai ƙaramar ƙungiya zai sayar da shi ya soke kuɗin a aljihu. In a sake yake, shi zai kai kansa ya karɓi kuɗin da hannunsa. Wato igiyar ba ta hana tafiya, tana dai sauya wanda zai ci riba. Saboda haka duk mai kiran a hana yara barin ƙungiyoyin jihohi, ya sani ba ƴan kallo yake yi wa aiki ba, shugaban ƙungiya yake yi wa. Kuma amanar da ake nema wajen ɗan wasa ba a cika nemanta wajen mai ƙungiya ba. Ita Oakland ɗin, bayan wasannin 2024, masu ita suka kwashe ta ɗungurungum daga garin, suna shirin kai ta Las Vegas. Ƴan kallon da suka yi shekaru suna zagin yaran da suka tafi, sai ga shi ƙungiyar ce da kanta ta tafi ta bar su.

Mu a jihar Tawa muna da dalili na musamman da zai sa mu yi hattara da maganar ɗaure mutum a wuri. Sai a 2003 dokar Nijar ta mayar da bauta laifin da ake hukuntawa. A Oktoban 2008 kotun CEDEAO ta yanke hukunci kan ƙarar Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana yarinya a wannan jiha tamu, ta ce ƙasa ta gaza kare ta. Ba ina haɗa wahalarta da ta ɗan ƙwallo ba ne, tazarar da ke tsakani mai nisa ce. Abin da nake cewa shi ne, a wurin da "saye" da "sayarwa" suka taɓa hawa kan ɗan Adam da ma'anarsu ta zahiri, kuma ba da daɗewa ba, bai kamata bakinmu ya yi saurin cewa wane namu ne, ba shi da ikon tafiya ba.

Sannan wa zai jefi yaron da dutse a Adar? Ƙasar ƴan bida ce. Da an gama girbi motoci ke cika, wasu Abijan, wasu Legas da Kano, wasu Libiya da Aljeriya, wasu Kamaru. Gidajen siminti da ke Takanamat, da rumbunan da ba su ƙare kafin damina, kowa ya san daga inda kuɗinsu ya fito. Wanda ya tafi Abijan ya yi tallar kaya a ka, in ya komo da babur ana kiransa namiji. Wanda ya tafi Yamai ya sayar da ƙarfin ƙafarsa, shi ne maci amana? Kuma kuɗin da ake magana a kai a nan ba irin na Ohtani ba ne. A ƙasar da mafi ƙanƙancin albashi na doka jika 42 ne, abin da ke raba yaro da garinsu sau da yawa buhun hatsi ne da kuɗin magani. Ƙwallo kuma sana'a ce mai gajeren kwana. Gwiwa ɗaya in ta goce, shi ke nan, ƴan fadar da suka ce ya zauna don kishin gari ba su za su biya asibiti ba. Ni dai a nawa ganin, yaron ba shi da laifi.

To ƙungiya mai kuɗi fa? Ita ma tana da hujja. Za ta ce ba ta saci kowa ba, ta yi tayi an karɓa, ta ba yaro abin da garinsu ya kasa ba shi. Za ta ƙara da cewa ƙasa na bukatar ƙungiya mai ƙarfi da za ta iya tsayawa gaban baƙi, kuma gaskiya ne US GN ta kai zagayen rukuni na kofin Confédération na Afirka a kakar 2021 zuwa 2022, abin da ya faranta ran ƴan ƙasa duka, har da mu. In an warwatsa gwanaye ko'ina, wa zai kai can? Wannan magana tana da nauyi, ban raina ta ba. Amma abu biyu ne ke hana ni yarda cewa ciniki ne kawai tsakanin mai saye da mai sayarwa.

Na farko, kuɗin wa? Attajirin Amurka da ke zuba dala miliyan ɗari bakwai, aƙalla ana iya cewa daga kasuwarsa ya samo. Ƙungiyoyin da ke cinye kofi a ƙasarmu kuwa sunayen ma'aikatun ƙasa suke ɗauke da su. Ɗan kasuwar Ƙwanni da ke biyan duwan, da mai babur a Tebaram da ke shan mai, da mai shago a Tawa da ke biyan kuɗin wuta, duk suna da hannu a cikin ƙarfin waɗannan ma'aikatu. Idan abin da aka tara daga jihohi takwas ya koma gina ƙwallo a gari ɗaya, har ana amfani da shi wajen kwashe yaran sauran jihohin, to mutumin Adar ya biya sau biyu ke nan: ya ba da kuɗi, ya ba da ɗa. Ba sai wani ya yi mugun nufi ba kafin a kira wannan rashin adalci. Tsari ma yana iya yin zalunci, ko da duk waɗanda ke cikinsa mutanen kirki ne.

Na biyu, wasa ba kamar sauran kasuwanci ba ne. Mai sayar da albasa a Galmi in abokin gasarsa ya karye, kasuwa ta zama tasa. Ƙungiyar ƙwallo in ta karya duk abokan karawarta, da wa za ta buga? Abin da ake sayarwa a fili shi ne rashin sanin wanda zai ci, kuma wannan haja ƙungiya biyu ke haɗuwa su yi ta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙaramar ƙungiyar da ta yini a mota ta zo aka ba ta kashi, ita ma ta yi aiki a cikin kofin da babba ta ɗaga, don ba don ita ba da kofin na unguwannin Yamai ne, ba na ƙasa ba. Masu besbol, duk da son kuɗinsu, sun gane haka: kowace ƙungiya tana zuba kusan rabin abin da ta samu a garinta cikin asusu guda a raba daidai. Ana dai ƙorafin cewa wasu masu ƙananan ƙungiyoyi na karɓar rabon su ƙi kashe shi kan ƴan wasa, wanda ke nuna rabo ba sa ido bai isa ba.

Ba sai mun je Amurka ba ma. Mu dubi kokawa. Tun da aka fara gasar takobi a nan Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya ci, tsarin bai ba gari ɗaya damar shanye komai ba. Kowace jiha tana kawo ƴan kokawa goma, ana zagayawa da masaukin gasar, kuma takobi ya kwana a Maraɗi, ya kwana a Tawa, ya kwana a Damagaram, Issaka Issaka ya kai shi Doso ba sau ɗaya ba. Ko a can ba a rasa gunaguni idan wani ya sauya jiha, amma tsohuwar da ke Takanamat tana manna rediyo a kunne don ta san ɗan jiharta na iya kayar da kowa. Wace tsohuwa ce ke yin haka don gasar ƙwallonmu? Samarinmu sun fi sanin benci na Barcelona a kan ƴan wasa goma sha ɗaya na zakaran ƙasarsu. Ina ganin rabon da aka yi ne ya jawo haka.

Saura mutum na uku, wanda ba a cika ambatonsa ba, wato wanda ya yi rainon. A garinmu wani mushe ne. Shi ke sayen ƙwallo daga albashinsa, shi ke zuwa roƙon iyaye su bar yaro ya zo fili bayan ya dawo daga ɗibar ruwa, shi ke ɗinke raga da igiyar buhu. Yaran da suka bi ta hannunsa suka wuce gaba, ko dala ba ta taɓa dawo masa ta hanyar doka ba. In akwai wanda aka zalunta a wannan sha'ani, to shi ne, da irinsa da ke kowane gari.

Al'adunmu ba su bar mai raino hannu wofi ba. Maƙwabtanmu Fulani suna da habbanaye: mai shanu ya ba wanda ba shi da su karsana, ya yi kiwonta, ya sha nono, in ta haihu sau biyu ko uku ya riƙe ƴaƴan ya mayar da uwar. Saniyar ba tasa ba ce, amma wahalarsa ta ba shi rabo. A kasuwa kuma yaron shago in ya yi wa maigida hidima shekaru, ana sallamarsa da jari, shi kuma ba ya mance ƙofar gidan. Mutum ba saniya ba ne, na sani, abin da nake ɗauka a nan ƙa'idar ce kawai: raino yana haifar da haƙƙi, amma haƙƙin rabo ne, bai kai na mallaka ba.

Abin sha'awa, dokar FIFA ta tanadi kusan irin wannan. Idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana cire kashi 5 cikin ɗari na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Mu yi lissafi. Yuro miliyan ɗaya ya kama sefa miliyan 656 ba kaɗan. Kashi biyar nasa ya kusa miliyan 33. Ko sulusin wannan ya faɗo Takanamat, an yi fili da raga da riguna na shekaru. A 2022 FIFA ta buɗe wani ofishi a Paris don ya riƙa biyan irin wannan kuɗi kai tsaye. Sai dai ofishin da takarda yake aiki. Yana duba tarihin ɗan wasa da aka yi wa rajista: wace ƙungiya, wace shekara, wace lasisi. Yaron da ya tashi a filin ƙauye, wanda wataƙila ko takardar haihuwa bai samu ba sai da zai yi jarrabawa, a idon wannan ofishi an haife shi ne ranar da ƙungiyar birni ta yi masa lasisin farko. Duk garin na iya shaida cewa mushe ne ya koya masa, amma shaidar baki ba ta shiga kwamfuta. Mu masu nazarin harshe mun san wannan ciwo: abin da ba a rubuta ba ana ɗaukarsa kamar bai faru ba.

Saboda haka gyaran da nake gani ba na hana tafiya ba ne. A yi wa ƙananan ƙungiyoyin garuruwa rajista a hukumar FENIFOOT cikin sauƙi da araha, a yi wa yara lasisi tun suna shekara 12. Idan babbar ƙungiya ta ɗauki yaro daga ƙarama a cikin gida, ta biya kuɗin raino da aka yanke, ko da kaɗan ne, a rubuce. A haɗa kuɗin tafiye-tafiyen gasa a asusu ɗaya, don kada nisan Arlit ko Tawa ya zama tara da ake cin mutum saboda inda Allah ya aje shi. Attajiran Adar da ke Abijan da Kwatano kuma, waɗanda ba sa ƙyashin yi wa ɗan kokawa kyautar mota, su tuna akwai fili a garinsu. Wanda ya ci ladan kuturu, an ce, dole ya yi masa aski, kuma duk wanda ya ci moriyar yaron da wani ya goya ya ci wannan lada.

Shi yaron fa, da na wanke shi, ba a bin shi komai? Ana bin shi, sai dai ba irin bashin da alƙali ke karɓa ba. A darasin nahawu an koya mana yadda Parsons ya kasa aikatau na Hausa gida bakwai a 1960. Masu ƙarewa da -e sukan nuna an yi abu kakaf ba saura: saye, ɗauke, kwashe, cinye. Masu ƙarewa da -o suna nuna aikin ya fuskanto wajen mai magana: sayo, ɗauko, aiko, komo. Ku saurari ƴan fada da kyau, duk kukansu da na farkon suke yi. Abin da suke jira daga wanda ya tafi kuwa yana cikin na biyun. Ba wanda ya zagi Sadio Mané don ya bar Bambali ya tafi Dakar, daga nan Metz, har Liverpool. Ya gina makaranta da asibiti a ƙauyen nasu, mutanensa kuma suna ganin tafiyarsa tasu ce. Ba kowa zai gina asibiti ba. Amma ƙwallo biyu da tsofaffin takalma, da zuwa fili in an zo hutu, da faɗin sunan wanda ya koya maka in an miƙo maka makirfo, wannan kowa na iyawa.

Mu ma da ke rubutu a wannan ɗan littafi, da masu karanta shi, yawancinmu wani mushe ne ya koya mana baƙi a ajin zana, wata jiha ce ta goya mu, Yamai ta ɗauke. Bursun da muke jira daga aljihun ƙasa duka yake fitowa. Cikinmu kaɗan ne za su koma aiki a garuruwansu, kuma ban ga laifin wanda bai koma ba, kamar yadda ban ga na ɗan ƙwallo ba. Abin da nake roƙo shi ne mu auna shi da mudun da muke so a auna mu da shi. Ranar da aka ce wani yaro ya tafi, kafin mu ce ya ci amana, mu tambaya ko an rubuta sunan wanda ya goya shi, ko an biya shi, kuma mu da muka riga shi tafiya, me muka aiko.